Majajjawa a Cikin Waya: Yadda Ake Sa Abu Ya Riƙa Zagaya Jarumin Gem



Duk wanda ya taɓa aron wayar yayansa ya buga gem ya san abin da zan yi magana a kai, ko da bai san sunansa ba. Jarumin wasan yana cikin gudu sai ya tsinci wani abu a hanya, nan take ƙwallayen wuta ko taurari ko wuƙaƙe su fara zagaya shi. Ya yi dama suna tare da shi, ya yi hagu suna tare da shi, ya yi tsalle sun bi shi sama, zagayen kuwa bai tsaya ba ko na daƙiƙa ɗaya. Maƙiyin da ya matso su buge shi. Mu dai mukan ce "ya samu kariya" mu ci gaba da danne-danne. To amma a cikin waya babu igiya, babu kuma hannun da ke wulwulawa. Me ke riƙe da waɗannan abubuwa har ba sa faɗuwa, ba sa karo da juna?

Kada wani ya ce ai sabuwar fasaha ce ta manyan wayoyi. A shekarar 1988 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wani gem mai suna Mega Man 2, kuma a cikinsa akwai makamin da ganye huɗu ke zagaya jarumin suna kare shi. Na'urar da ake buga shi a kanta tana da ƙwaƙwalwar aiki ta kilobayit 2 kacal, wadda ko hoton fasfo ɗaya na wayar yau ba zai shige ta ba. A 1996 kamfanin Nintendo ya fitar da Mario Kart 64, inda ƙoƙon kunkuru guda uku ke zagaya motar mai tsere. Kun ga ke nan abin ya girmi yayyenmu da yawa, kuma wayar da ta fi kowace arha a kasuwar Hadejia ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Abin da yake buƙata lissafi ne, irin wanda ake rubuta mana a baƙin allo muna hamma.

Babu abin da ke motsi

Abu na farko da za mu yarda da shi yana da ɗan wuyar haɗiya: a fuskar waya babu abin da ke motsi. Hotuna ne tsayayyu ake nuna mana ɗaya bayan ɗaya da sauri. Waɗanda suka taɓa zana ɗan mutum a kusurwar shafukan littafin rubutu, kowane shafi da ɗan bambanci, sannan suka saki shafukan da babban yatsa, sun riga sun san dabarar. Gem yakan zana sabon hoto sau 30 ko sau 60 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane hoto guda ana ce masa firem.

Saboda haka ƙwallon wutar nan bai san yana zagaye ba. A kowane firem kwamfuta tana share fuskar gaba ɗaya, ta yi wa kanta tambaya ɗaya: a ina zan ajiye ƙwallon yanzu? Amsar lambobi biyu ce, irin waɗanda muke sa wa ɗigo a takardar giraf. Lamba ta farko, x, tana faɗin nisa zuwa dama ko hagu. Ta biyu, y, tana faɗin nisa zuwa sama ko ƙasa. Idan ka iya samo x da y daidai sau 30 a daƙiƙa, idon mai kallo ne zai haɗa su ya ga da'ira.

Akuya da turke

Ku tuna akuyar da aka ɗaure a turke a bakin gona. Idan ta ja igiyarta har ƙarshe tana neman ciyawar da ta fi nisa, ta bi gefe, kafin yamma za ka ga ta shata da'ira a ƙasa, sai ka ce da kamfas aka zana. Don ka faɗa wa mutum inda akuyar take, abu uku kawai zai tambaye ka: ina turken yake, mene ne tsawon igiyar, kuma ta wane ɓangare ta ja ta. Wannan na ukun shi ne kusurwa, kuma da digiri ake auna ta, daga 0 zuwa 360.

A gem, jarumi shi ne turke, ƙwallon wuta shi ne akuya, igiyar kuma lamba ce kawai da mai tsara gem ya zaɓa, a ce taku 50. Masu lissafi sun yi yarjejeniya cewa digiri 0 yana hannun dama, digiri 90 yana sama, 180 yana hagu, 270 yana ƙasa, wato ana tafiya saɓanin hannun agogo. Waɗannan wurare huɗu ba su da wuya. A digiri 0 ƙwallon yana taku 50 dama da jarumi, babu sama babu ƙasa. A digiri 90 yana taku 50 saman kansa, babu dama babu hagu. Rigimar tana tsakani. A digiri 30 fa? Taku nawa dama, taku nawa sama?

Sayin da kosayin

Nan ne 'yan aji uku za su gyara tsayuwa, domin wannan shi ne darasin da suke kuka da shi. Idan ka ja layi daga turke zuwa akuya, ka sauko da wani layi tsaye daga akuya, ka ja na kwance daga turke ya tare shi, ka samu alwatika mai kusurwa 90. Igiya ita ce dogon gefen. Kosayin na kusurwa yana gaya maka kashi nawa na igiyar ya tafi kwance, sayin kuma yana gaya maka kashi nawa ya tafi tsaye. Shi ke nan aikinsu.

Mu gwada da igiya mai taku 50. Ku buɗe littafin fo-figa, ko kalkuleta ga mai ita. Kosayin 30 shi ne 0.866, sayin 30 shi ne 0.5. Ninka kowanne da 50, ka samu taku 43 dama da taku 25 sama. A digiri 45 su biyun daidai suke, 0.707, don haka taku 35 dama, taku 35 sama. A digiri 60 sai su yi musaya, 25 dama, 43 sama. Ku lura yadda ɗaya ke raguwa ɗayan na ƙaruwa, kamar mutum biyu suna raba kwano ɗaya na tuwo.

Da an wuce digiri 90, lambobin nan ne dai suke dawowa, sai dai wasu su sa alamar mainos. Digiri 120 yana ba da −25 da 43, wato taku 25 hagu, taku 43 sama. Digiri 210 yana ba da −43 da −25, hagu da ƙasa. Wanda ya cika tebur daga 0 zuwa 360 yana tsallake talatin-talatin zai samu ɗigo 12, kuma idan ya ɗora su a takardar giraf zai ga sun zauna kamar lambobin agogon bango.

Wanda bai yarda ba, filin ƙwallon makaranta yana nan. A kafa turke, a ɗaura igiya mai mita 5, a ɗauki gabas a matsayin digiri 0, arewa a matsayin 90. A auna digiri 30 da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin kayan lissafi, ɗalibi ɗaya ya ja igiyar ta wannan ɓangaren ya tsaya. Wani kuma ya tashi daga turken ya yi mita 4.33 gabas, ya juya ya yi mita 2.5 arewa. Idan awon ya yi kyau, kafaɗarsu za ta haɗu.

Bari in ɗan ratse, domin sunan sayin yana da labari mai daɗi. Wani masani ɗan Indiya mai suna Aryabhata ya rubuta teburin irin waɗannan lambobi a littafinsa na shekarar 499, kuma kalmar da mutanensa ke amfani da ita tana nufin tsirkiyar baka. Malaman Larabawa suka ari kalmar suka rubuta ta da haruffansu. Da yake ba a cika sa wasali a rubutun Larabci ba, masu karatu daga baya suka karanta ta "jaib", wato wuyan riga ko aljihu. Da Turawa suka zo fassara littattafan zuwa Latin sai suka sa kalmarsu mai ma'anar lanƙwasar riga, daga ita sunan sayin ya fito. Ita kuma wannan "al-jaib" ɗin ita ce Bahaushe ya ara ya mayar "aljihu". Ashe sayin da aljihun rigar makarantarmu 'yan gida ɗaya ne.

Turken da ke tafiya

Akuya turkenta a kafe yake, jarumin gem kuwa yawo yake yi. Wannan ya fi kowane sashe sauƙi, amma shi ne zuciyar abin. A kowane firem sai kwamfuta ta fara duba inda jarumi yake, sannan ta ɗora lissafin igiya a kai:

x na ƙwallo = x na jarumi + igiya × kosayin kusurwa
y na ƙwallo = y na jarumi + igiya × sayin kusurwa

A ce jarumi yana x 100, y 20, kusurwa tana 30. Ƙwallon zai zauna a 143 da 45. A firem na gaba jarumi ya matsa zuwa x 104, kusurwa ta ƙaru kaɗan, sai a sake lissafin tun daga farko. Ƙwallon ba ya bin jarumi a guje kamar ɗan akuya bayan uwarsa, shi ya sa ba a taɓa barin sa a baya komai gudun jarumin. Ɗauke shi ake yi a sake dasa shi.

Akwai irin wannan a sama. Wata yana zagaya duniya daga nisan kusan kilomita 384,400, duniya kuma ba a tsaye take ba, tana zagaya rana. Wata yana gama zagayensa cikin kwana 27 da 'yan awoyi, amma daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne, saboda turken nasa ya matsa gaba, sai ya ƙara tafiya kafin ya sake daidaita da rana. Bambancin shi ne wata ƙarfin janyowar duniya ne ke riƙe da shi, ƙwallon gem kuwa layi biyun can na sama ne kawai.

Sauri, da tarkunan da ke cikinsa

Don abin ya zagaya, a kowane firem ana ƙara wa kusurwa wani abu. Idan gem yana yin firem 30 a daƙiƙa, ka ƙara digiri 6 a kowanne, ka samu digiri 180 a daƙiƙa, wato zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 2. Ka ƙara 12, zagaye ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Ka rage maimakon ƙarawa, ya juya ya bi hannun agogo.

Ga tarko na farko. Ka tsara gem ɗinka a wayar da ke yin firem 30, ka tura wa abokinka mai wayar da ke yin 60. A wurinsa za a ƙara digiri 6 sau 60, ƙwallon ya riƙa gudu ninki biyu. Idan kuma wayar ta yi zafi ta fara jan ƙafa, zagayen ya koma tafiyar hawainiya. Masu sana'ar suna magance wannan ta hanyar faɗin sauri a daƙiƙa, ba a firem ba. Sai su ce digiri 180 a daƙiƙa, a kowane firem kuma a ninka 180 da ɗan lokacin da ya wuce tun firem na baya. Mai firem 30 ya samu 6, mai firem 60 ya samu 3, su duka su gama zagaye tare.

Tarko na biyu ya fi ban dariya. Yawancin harsunan kwamfuta, irin su Python, da manhajojin haɗa gem irin su Godot da Unity, sayin da kosayin ɗinsu ba sa karɓar digiri. Suna karɓar wani awo da ake kira radiyan, inda cikakken zagaye yake kusan 6.28, wato 2 sau π. Idan ka manta ka ce a ƙara 6 a kowane firem, kwamfuta za ta ɗauka radiyan 6 kake nufi, wato kusan digiri 344. Ƙwallon zai yi kusan cikakken zagaye a firem ɗaya, ya tsaya saura digiri 16 ya cika, kai kuma idonka ya ga kamar baya yake komawa. Irin abin da ke faruwa ne idan aka ɗauki bidiyon tayar babur tana gudu, a ga kamar baya take juyawa.

Daga ɗaya zuwa da yawa

Idan ƙwallo fiye da ɗaya kake so, ka raba 360 da yawansu. Uku, tazarar digiri 120. Huɗu, 90. Biyar, 72. Kowanne ya fara daga nasa wurin, a riƙa ƙara musu lamba iri ɗaya. Shi ya sa ba sa karo, kamar fukafukan fanka.

Amma da'ira zalla tana kama da zobe da aka zana a takarda, ba ta nuna cewa abin yana bi ta bayan jarumi ya dawo ta gabansa. Ku ɗauki faifai ku kalle shi daga sama, da'ira ne. Ku ɗaga shi daidai ido ku ɗan karkata shi, sai ya koma kamar ƙwai kwance. Haka ake yi a gem: a bar lissafin x yadda yake, a ninka na igiyar y da 0.4 ko makamancin haka. Sannan a ƙara dabara biyu. Lokacin da sayin yake sama da sifili, wato daga digiri 0 zuwa 180, ƙwallon yana can nesa, sai a fara zana shi, a zana jarumi a kansa ya rufe shi. Daga 180 zuwa 360 yana kusa da mu, sai a zana shi daga baya ya rufe jarumin. Dabara ta biyu girma ce: a sa girmansa ya zama 100 a debe 20 sau sayin. A digiri 90 zai ragu zuwa 80, a digiri 270 ya kumbura zuwa 120. A ganina wannan sashe ya fi kowanne burgewa, domin fuskar waya shafaffiya ce, amma da ninkawa biyu da sauya wanda za a fara zanawa sai ido ya rantse akwai zurfi.

Wutsiyar haske kuma kowa ya san asalinta. Ka zaro bakin wuta daga murhu da dare ka wulwula, sai a ga zoben wuta alhali garwashi ɗaya ne, a gaban iyaye dai ba a yi. Gem yana kwaikwayon haka ta hanyar barin kwafin ƙwallon a inda ya wuce, kowane kwafi yana dusashewa har ya ɓace. Sai dai kowane kwafi aiki ne a kan waya. Ƙwallo 8, kowanne da wutsiya mai kwafi 20, hotuna 160 ke nan a kowane firem. Ƙaramar waya za ta fara sanƙarewa, batir ya zube, mu kuwa mun san abin da cajin waya yake ci a shago. Ni dai na fi son ƙwallo uku masu tafiya sumul a kan ashirin masu tsalle-tsalle.

Hanyar rago

Akwai wata hanya ga wanda bai kai darasin sayin ba tukuna. A kowane firem ka ce wa ƙwallon: koma kan jarumi, juya digiri 6, yi taku 50 gaba. Da yake ba a zana hoto sai an gama umarnin uku, ba wanda zai ga ya koma tsakiya, a bakin da'ira kawai za a riƙa ganin sa. A manyan manhajoji kuma akan kafa wani abu marar ganuwa a jikin jarumi, a manna ƙwallon a nesa da shi, a riƙa juya marar ganuwan. Duka biyun suna aiki, kuma kwamfuta sayin da kosayin ɗin take yi a ɓoye. Matsalarsu ita ce hoton yana juyawa tare da igiyar, in tsuntsu ne sai ka ga ya kifa kai ƙasa idan ya kai ɗaya gefen, kuma karkata da'irar ta zama ƙwai yana da wuya. Don tauraro ko ƙwallo, wanda ba shi da sama ba shi da ƙasa, hanyar rago ta wadatar.

Gem ɗin jan baki

Me za mu yi da wannan duka a Guri? Kowa a nan ya san lokacin da shinkafa ta fara nuna. Tsuntsayen jan baki suna kwana a cikin kachalar da ta cika fadamun kogin Hadejia, da sassafe su taso kamar hayaƙi, kuma daga Kadira zuwa Abunabo yara ne ke tsaron gona da ihu da gwangwanaye da majajjawa. Wasu daga cikinmu kujerunsu kan zama babu kowa a aji a wannan lokacin, malamai sun sani. Ban ga dalilin da zai sa kullum mu riƙa buga labarin mayaƙan wasu ƙasashe ba alhali ga namu yaƙin a bayan gari. A Legas akwai kamfanin Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, kuma cikin wasanninsa akwai na ɗan acaɓa da na kashe sauro. In sauro ya samu gem, jan baki ma ya isa.

Jaruminmu yaro ne ko yarinya a tsakiyar gonar shinkafa, curin laka busasshe yana zagaya shi a majajjawa, tsuntsaye suna shigowa ta kowane gefe. Duk abin da na bayyana a sama ya shiga nan. Abin da ya rage shi ne saki, kuma nan ne mutanen birni za su iya kuskure inda ɗan fadama ba zai yi ba. Idan ka saki igiyar majajjawa, curin ba ya tafiya ta inda igiyar ke nunawa, ba ya kuma ci gaba da lanƙwasa. Yana miƙewa ne ta inda ya fuskanta a daidai lokacin sakin, a kan layin da ya shafi gefen da'irar ya wuce. Shi ya sa gwani yake saki tun curin yana gefensa, kafin ya zo gabansa. A lissafi, ka ƙara 90 a kan kusurwar da aka saki. An saki a digiri 0, curin yana dama, sai ya tafi sama. An saki a digiri 90, yana saman kai, sai ya tafi hagu.

Mai tsara gem yana da zaɓi a nan. A Mega Man 2 ganyen suna tafiya ta inda ka danna, babu ruwansu da inda suke a da'ira. Wannan ya fi sauƙi ga mai bugawa. Ni kuwa da za a bi shawarata, mu bar shi kamar majajjawar gaske, maɓalli ɗaya tak, gwaninta kuma ta zama sanin lokacin saki.

Sai maganar adalci. Idan an ba jarumi kariyar cure masu zagayawa, dole a bar wa tsuntsu ƙofa, in ba haka ba babu wasa. Kewayen da'ira mai igiya 50 shi ne 2 × 3.14 × 50, wato taku 314. Idan faɗin kowane curi taku 20 ne, huɗu sun rufe 80, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Takwas sun rufe 160, fiye da rabi, ga shi kuma suna gudu, da wuya tsuntsu ya ratsa, mai bugawa sai ya ajiye wayar ya tafi shan ruwa ya dawo ya tarar bai faɗi ba. Gara a fara da uku, duk wanda ya bugi tsuntsu ya farfashe. Hakan yana da wani amfanin: mai bugawa yana ganin sauran kariyarsa a jikin jarumin, ba sai ya ɗaga ido ya karanta lamba a kusurwar fuska ba. Ƙoƙon kunkurun Mario Kart ma haka suke aiki.

Sanin ko curi ya taɓa tsuntsu kuwa aikin Pythagoras ne. Ka ɗauki bambancin x ɗinsu da bambancin y ɗinsu, ka ninka kowanne da kansa, ka tara, ka ɗauki tushensa. In nisan ya gaza rabin faɗin curi haɗe da rabin faɗin tsuntsu, an buge shi.

Inda za a gwada

Wuri mafi sauƙi shi ne Scratch, manhaja ta kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar don yara a 2007. Ba a rubuta dogon umarni a cikinta, tubala masu launi ake jerawa, kuma akwai wadda ake saukewa a kwamfuta ta yi aiki babu intanet. Filinta yana da faɗin taku 480 da tsayin 360, sifili yana tsakiya, tana yin firem 30 a daƙiƙa, sayin da kosayin ɗinta suna cikin koren tubala kuma digiri suke karɓa, don haka tarkon radiyan bai shafe ka ba. Kwafi 300 kawai take yarda da su a lokaci ɗaya, mai son doguwar wutsiya ya sani. Abu ɗaya za a kiyaye: wurin nuna inda abu ya fuskanta, Scratch tana ɗaukar sama a matsayin 0, dama a matsayin 90. Don haka a wurin sakin majajjawa sai ka ce curin ya fuskanci sifili a debe kusurwa, lissafin ya fito daidai.

Wanda waya kawai gidansu ke da ita, akwai Pocket Code, ita ma ta tubala ce kuma a wayar Android take aiki. Godot ta manya ce, kyauta ce ita ma, amma a cikinta y yana ƙaruwa ne zuwa ƙasa, don haka lissafin nan namu zai zagaya ta bin hannun agogo sai in ka sa wa sayin mainos.

Mun san yadda zaman kwamfuta yake: minti 40, mutum biyar ko shida a kan na'ura ɗaya, wuta kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Saboda haka a zo da teburin ɗigo 12 a rubuce, a zo da layi biyun x da y, a riga an yanke tsawon igiya da sauri da yawan cure tun a aji. Tubalan da ake buƙata don curi ɗaya ya fara zagaya jarumi ba su kai 20 ba.

Ga aikin gida daga ƙungiyar 'yan jarida. Jarumi yana tsaye a x −40, y 10. Igiyarsa taku 80 ce, cure uku ne ke zagaya shi da tazara iri ɗaya, na farkon yana digiri 30. A ina kowannensu yake, kuma in aka saki na ukun a wannan lokacin, ina zai nufa? A rubuta amsa da suna da aji a miƙa wa kowane ɗan ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.